Darasi na Shida: Azuzuwan Buɗe Ƙwaƙwalwa da Yaro Ɗan Tatata

A birane irin su Tokiyo da Singafo da Kwala Lamfur, iyaye da yawa kan ɗauki yaron da bai kai shekara uku ba, wani ma ko rarrafe bai fara ba, su kai shi aji sau ɗaya a mako. Ajin kan ɗauki kamar awa guda. Yara huɗu ko shida ne a jere, kowanne uwarsa ko ubansa na zaune a bayansa. Malama na gaba da tarin katuna a hannu, tana zaro su ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, kowane kati bai fi daƙiƙa ɗaya a idon yaro ba: tutar wata ƙasa, hoton wata dabba, wata kalma da manyan haruffa, jajayen ɗige-ɗige talatin ko hamsin. Tana nunawa tana kiran suna kamar mai karanto haddar da ta zauna. Daga nan a koma waƙa, a yi wasan tuna inda aka ɓoye hoto, a tashi. Tushen wannan hanya yana komawa ga Glenn Doman na birnin Filadelfiya a Amurka, wanda ya fitar da littafinsa kan koya wa jariri karatu a 1964, da kuma Makoto Shichida na Japan, wanda makarantunsa suka bazu a gabashin Asiya da alkawarin farkar da ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa. Guguwar ta iso mu da wata kama. A Kano da Kaduna da Abuja akwai makarantun kuɗi da ke karɓar ɗan shekara biyu, a ɗinka masa kayan makaranta, a rataya masa jaka, har a haɗo shi da aikin gida. Wanda ba shi da halin wannan yakan miƙa wa yaro waya mai bidiyon haruffa da ƙirga, yana fatan hakan ya cike gurbin.

Babu uban da ke yin wannan don ƙiyayya. Kowa so yake ɗansa ya fi shi, kuma an daɗe ana ce mana icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karin maganar gaskiya ce, masana ma sun tabbatar da ita. Abin da wannan darasi ke son kafawa shi ne, abin da ke gina ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro hulɗa ce tsakaninsa da babban da ke sauraronsa yana mayar masa da amsa, a kan jikin da ya samu abinci da lafiya da barci. Duk wani aji, mai tsada ko mai araha, darajarsa tana nan ne gwargwadon yadda ya ƙara wa yaro wannan hulɗa ko ya rage masa ita.

Mu fara da abin da masu sayar da azuzuwan suka faɗa daidai. Ana haihuwar jariri ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ta babban mutum ba. Kafin ya cika shekara uku ta kai kusan kashi 80 cikin 100, a shekara biyar kuma kusan kashi 90. Girman nan yawancinsa ba daga ƙarin ƙwayoyin jijiya yake zuwa ba, domin da mafi yawansu aka haife shi. Mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin ne ke yawaita, kamar yadda hanyoyin ƙafa ke ɓullowa tsakanin gidaje a sabuwar unguwa. Cibiyar nazarin ci gaban yara ta Jami'ar Harvard ta ƙiyasta cewa a shekarun farko ana ƙulla sababbin mahaɗai fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Wannan adadi shi ke tayar wa iyaye hankali, sai su ji kamar kowace daƙiƙar da ta wuce ba a cusa wa yaro wani abu ba asara ce. Amma akwai sauran bayanin da ba a cika sa shi a takardar talla ba. Ƙwaƙwalwa kan ƙulla mahaɗai fiye da buƙatarta, daga baya ta riƙa sassabe waɗanda ba a bi, ta ƙarfafa waɗanda ake bi kullum. Sassaben nan ba hasara ba ne, shi ne ke sa tunani ya yi sauri ya yi tsabta, kamar yadda manomi ke cire wasu tsiron gero daga rami domin sauran su yi kauri. Hanyar da ke ɗorewa ita ce wadda ake takawa safe da yamma, kuma a mako akwai awa 168. Aji yana da awa ɗaya a ciki. Sauran suna hannun mutanen gida.

Kalmar "wadata muhalli" da ake yawan ji a bakin masu wannan sana'a ta fito ne daga gwajin ɓeraye. A shekarun 1960, Marian Diamond da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun ajiye wasu ɓeraye tare a babban keji mai tsani da ƙafafun juyawa da abubuwan wasa, wasu kuma kowanne shi kaɗai a keji fayau. Da aka duba, ɓawon ƙwaƙwalwar na farkon ya ɗan fi kauri. Sakamakon gaskiya ne, fassararsa ce aka karkatar. Kejin da aka kira mai wadata bai ko kama ƙafar rayuwar ɓeran da ke yawo a rumbu da jeji ba. Abin da gwajin ya nuna shi ne illar kaɗaici da rashin abin yi. Bai nuna cewa idan aka ɗora ƙari a kan rayuwa ta yau da kullum za a samu ƙwaƙwalwar da ta zarce ta kowa ba. Tsakar gidan da akwai yayye da kaji da ƙasa da ruwa da turmi da kaka mai magana ya fi wancan keji wadata nesa ba kusa ba.

An sha gwada hanyoyin gaggawar nan, kuma tarihinsu ya kamata ya sa mu yi taka-tsantsan. A 1993 wasu masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine suka sa ɗaliban jami'a 36 su saurari kiɗan Mozart na minti goma, sai suka ɗan fi ƙoƙari a wani gwaji na juya siffofi a zuci. Tasirin bai wuce minti goma sha biyar ba, kuma babu jariri ko ɗaya a binciken. Duk da haka labarin ya rikiɗa ya zama kiɗan Turawa na sa jarirai basira, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 domin a ba kowane sabon jariri faifan irin wannan kiɗa. Bayansa sai bidiyon jarirai, wanda ya fi shahara shi ne Baby Einstein da kamfanin Disney ya saya a 2001. A 2007 masu bincike a Jami'ar Washington suka ba da rahoton cewa a cikin jarirai 'yan wata 8 zuwa 16, masu yawan kallon irin wannan bidiyo sun fi ƙarancin kalmomin da suke ganewa. An yi muhawara kan ƙarfin wannan sakamako, amma babu wanda ya iya kawo shaidar cewa bidiyon yana ƙara basira, kuma a 2009 kamfanin ya yi tayin mayar wa iyaye kuɗinsu. Batun ɓangaren dama ma haka yake. Gaskiya ne wasu ayyuka sun fi karkata ga ɓangare ɗaya, misali harshe ya fi zama a hagu ga yawancin mutane. Amma a 2013 aka duba hotunan ƙwaƙwalwar mutane fiye da 1,000 a Jami'ar Utah, ba a ga alamar cewa akwai 'yan dama da 'yan hagu ba. Ɓangarorin biyu tare suke aiki a kusan komai.

Binciken da ya fi haska mana inda sirrin yake shi ne na Patricia Kuhl a 2003. Ta ɗauko jarirai 'yan wata tara daga gidajen da Turanci kawai ake yi, ta haɗa su da mutanen da ke magana da Sinanci, zama goma sha biyu, kowane zama kamar minti ashirin da biyar, ana wasa da su ana karanta musu littattafai. Bayan nan jariran suka iya bambance wasu sautukan Sinanci da kunnen mai Turanci ba ya rabewa. Wasu jariran kuma aka nuna musu mutanen nan dai, da maganganun nan dai, amma ta allon talabijin, wasu ta sauti kawai. Waɗannan ba su koyi komai ba. Murya ɗaya ce, kalmomi ɗaya ne, tsawon lokaci ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne mutum mai rai yana kallon inda jariri ke kallo, yana dakatawa idan hankalinsa ya tafi, yana murmushi idan ya yi gwaranci. Ƙwaƙwalwar jariri ta fi buɗewa ga wanda ke amsa masa.

Mu kalli abin a kusa. Uwa na zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana tsince shinkafa a faranti, ɗanta ɗan wata goma sha biyar na dafe da gwiwarta. Kaza ta gifta da 'yan tsakinta. Yaro ya miƙa yatsa ya ce "ka!" sannan ya juyo ya dubi fuskar uwar. Ta ɗaga kai ta dubi inda ya nuna, ta ce: "Kaza ce. Ka ga 'ya'yanta? Tsaba suke nema." Ta ɗebi tsakuwar da ta tsince da 'yar shinkafa ta zuba masa a tafi, ya watsa, tsaki suka rugo, ya ƙyalƙyale da dariya ya sake duban ta. Duka abin bai kai minti ɗaya ba. A cikinsa yaron ne ya zaɓi abin da za a yi magana a kai, ya ji sunan abin a daidai lokacin da idonsa ke kansa, ya gane cewa sautin bakinsa yana sa wani ya motsa, ya ga cewa watsa tsaba na jawo tsaki, ya koyi jiran amsa. Masana na kiran wannan da sunan da ke nufin jefa-min-in-jefa-maka. Wani bincike da aka yi a Boston a 2018 kan yara 'yan shekara huɗu zuwa shida ya nuna cewa yawan irin wannan musayar magana ya fi yawan kalmomin da yaro ke ji kawai alaƙa da aikin sashen harshe na ƙwaƙwalwarsa. A ajin katuna kuwa malama ce ke zaɓa, ita ke sauri, yaro kallo ne nasa.

Mai karatu na iya cewa: to ai mun ji shirye-shiryen ƙananan yara suna canza rayuwa, har masana tattalin arziki irin su James Heckman suna cewa babu jarin da ya fi su riba. Haka ne, kuma ya kamata mu duba waɗanne shirye-shirye ake nufi. A Kingston ta Jamaika, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su. Wasu daga cikinsu aka riƙa tura musu ma'aikaciyar lafiya ta unguwa gida, awa ɗaya a mako, har shekara biyu. Aikinta shi ne nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, ta yaba masa, ta yi amfani da kayan wasan da aka haɗa a gida daga robobi da tsummoki. Bayan shekara ashirin aka nemo yaran, aka tarar waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na waɗanda ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100. Awa ɗaya ce a mako, daidai da ta ajin katuna, amma uwa aka koyar, ita kuma ta ɗauki abin ta watsa shi cikin sauran awoyin mako. Shirin Perry na jihar Mishigan, wanda aka fara a 1962 da yara 123 na gidajen talakawa, shi ma ya haɗa wasa a aji da ziyarar malamai gida duk mako. Ƙarin makin gwajin basirar da yaran suka samu ya dushe bayan 'yan shekaru, amma da suka kai shekara arba'in sun fi samun aiki, sun fi ƙarancin shiga hannun hukuma. Haka a Romaniya, inda aka tara dubban yara a gidajen marayu zamanin mulkin Ceausescu: binciken da aka fara a Bukarest a 2000 da yara 136 ya nuna cewa waɗanda aka mayar hannun iyalai masu riƙo, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi farfaɗowa. A duka ukun, yaran da ke cikin rashi ne aka taimaka, kuma maganin mutum ne mai kula. Babu ɗaya daga cikinsu da ya zama hujjar walƙa wa lafiyayyen yaro katuna ɗari a zama guda.

Ƙalubale na biyu ya fi wuyar amsawa, domin daga zuciya yake fitowa. Uwa za ta ce: ni da idona na gani, kafin mu fara ajin ba ya cewa komai, yanzu ga shi yana kiran launuka yana gane kalmomi. Ba ƙarya take yi ba. Sai dai tsakanin shekara ɗaya da rabi da shekara uku bakin kowane lafiyayyen yaro buɗewa yake yi, daga kalmomi 'yan kaɗan zuwa ɗaruruwa, ko an kai shi aji ko ba a kai shi ba. Uwa ɗaya ba ta da hanyar ganin yadda ɗanta zai kasance da bai je ba. Saboda haka ne ake raba yara gida biyu a kwatanta. Susan Neuman ta Jami'ar New York ta yi haka a binciken da ta wallafa a 2014: jarirai 117, rabi aka ba iyayensu wani shahararren ƙunshin koyar da jarirai karatu mai bidiyo da katuna, suka yi amfani da shi wata bakwai. Da aka auna, ba a ga bambanci a karatu ko harshe tsakanin ɓangarorin biyu ba. Inda aka ga bambanci shi ne a zukatan iyayen, waɗanda suka yi amfani da ƙunshin sun yi imanin 'ya'yansu na koyo. Yaro na iya haddace siffar kati ya faɗi sunansa, yadda yake gane kwalin madararsa a kanti. Karatu kuwa sai an gane cewa haruffa suna wakiltar sautuka, kuma wannan yana zuwa ne a kan harsashin magana mai yalwa.

Wani zai ce, in bai yi amfani ba ai bai cutar ba. Sau da yawa haka ne, kuma adalci ne a faɗi alherin da ke cikin wasu azuzuwan. Uwar da ke zaune ita kaɗai a gidan haya a birni, nesa da dangi, tana samun abokan hira a can, yaronta na ganin sa'o'insa, ita kuma tana koyon waƙoƙi da wasannin da za ta maimaita a gida. Wannan riba ce ta gaske. Amma cutarwa tana shigowa ta ƙofofin da ba a lura da su. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana guda da motsa jiki na aƙalla minti 180, kuma kada a zaunar da wanda bai kai shekara biyu ba gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya. Yaron da ake tasa da asuba a ɗaure shi a benci yana kwafar haruffa da yatsun da ba su gama ƙwari ba, an ci masa barci an ci masa wasa. In kuma aka haɗa da tsawa ko bulala don ya kasa rubuta abin da shekarunsa ba su kai ba, darasin farko da zai ɗauka shi ne makaranta wurin tsoro ce. Akwai kuma wata asarar da ta shafe mu kai tsaye: iyayen da ke daina yi wa yaro Hausa, su koma 'yan guntayen kalmomin Turanci na umarni, don kada a ce ɗansu ya zama baya. Yaro na iya ɗaukar harshe biyu ko uku ba tare da ruɗewa ba, kuma wanda ya ƙoshi da tatsuniya da kacici-kacici da doguwar hira a harshen uwarsa ya fi samun abin da zai ɗora sabon harshe a kai.

Kuɗin ma abin dubawa ne, domin a yankinmu babban abokin gabar ƙwaƙwalwar yaro yana cikin kwano ne da muhalli. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a arewa maso yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Tsumburewa ba a tsawo kaɗai take tsayawa ba, tana tafiya tare da jinkirin fahimta. Ƙarancin sinadarin aidin, ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga, gudawar da ke komowa, duk suna cin rabonsu. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje ya watsa ƙurar dalma, yara fiye da 400 suka rasu, wasu da yawa suka rayu da lahani a ƙwaƙwalwa. Maigidan da ke da zaɓi tsakanin kuɗin ajin ɗan shekara biyu da kuɗin ƙwai da wake da gyaɗa da kifi da zogale da gidan sauro, ya san inda ya kamata ya fara. Shayar da nono zalla wata shida, rigakafi a kan kari, gishiri mai aidin, su ne darussan farko da ƙwaƙwalwa ke karɓa.

Saura ƙorafin da na fi ɗauka da muhimmanci: uwar da ba ta yi boko ba, ga aiki ya yi mata yawa, ga goyo ga ciki, me za ta iya? Iyayen Kingston ma talakawa ne, da yawansu karatunsu bai yi nisa ba. Hirar kaza da muka gani ba ta buƙatar harafi ko ɗaya, kuma ana yin ta ne hannu na kan aiki, wajen wanka, wajen ɗaura goyo, wajen tuƙa tuwo. Nauyin kuma bai kamata ya faɗa kan uwa ita kaɗai ba. A gidajen da ake kiyaye kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta sakin jiki da shi a gaban mutane, kaka da gwaggo da inna su suka saba cike wannan gurbi, kuma abin lura shi ne kada ƙaura zuwa birni ta raba yaro da su alhali kunyar tana nan. Uba ma yana da rabo babba. Minti goma da zai yi bayan sallar magariba yaro na kan cinyarsa, yana tambayarsa me ya gani yau yana jiran gwarancinsa, ya fi katin da za a saya da tsada. Inda uwa ke fama da baƙin ciki ko ciwon damuwa bayan haihuwa har ba ta iya sakar wa jariri fuska, taimaka mata da kai ta asibiti aikin gina ƙwaƙwalwar jaririn ne kai tsaye.

Wanda aiki ya tilasta masa kai yaro gidan reno, ko yake da hali yana son aji, ya je ya zauna ya kalla kafin ya biya. Ya ƙirga yara nawa ke hannun mai reno ɗaya. Ya duba ko tana durƙusawa daidai tsawon yaro idan za ta yi masa magana, ko ta san sunan kowa, ko idan yaro ya nuna abu tana bin yatsansa da ido. Ya ga ko akwai filin gudu da yashi da ruwa da littattafan hoto da yara ke taɓawa da hannunsu, akwai wurin barci, akwai ruwan wanke hannu, babu bulala a kusurwa, babu talabijin da ke aikin reno. Ya tambaya me za a koya masa shi da kansa da zai ci gaba da yi a gida. In aka yi masa alkawarin cewa ɗansa zai yi karatu a shekara biyu ko zai haddace shafi da kallo ɗaya, ya nemi a nuna masa inda aka kwatanta yaran ajin da waɗanda ba su shiga ba.

Kafin zamanmu na gaba, kowane ɗalibi ya zaɓi yaro ɗaya ɗan ƙasa da shekara uku a gidansu ko maƙwabta, ya zauna kusa da shi minti goma sha biyar ba tare da ya tsoma baki ba. Ya ja layi a takarda duk lokacin da yaron ya nuna abu, ko ya yi sauti, ko ya dubi fuskar wani yana jira. Ya sa alama a kan layin idan wani ya amsa masa, ya rubuta wane ne ya amsa da abin da ya ce. Ku zo da takardun aji mu haɗa su mu duba tare.